Tagwayen Ƙarfe, Agogo da Rabon Ƙasar Adamawa

Ɗalibin kimiyya yakan haddace cewa ƙarfe yana buɗawa idan ya ji zafi, yana tsukewa idan ya huce, ya amsa tambayar jarrabawa, ya rufe littafi. Ɗalibin tarihi kuma yakan haddace cewa Turawa sun raba Adamawa, Yola ta faɗa hannun Ingila, Garwa da Rai Buba suka faɗa hannun Jamus. Ba safai akan sami wanda ya lura cewa darussan nan biyu suna da mahaɗa ba. Mahaɗar kuwa wani ɗan fallen ƙarfe ne da bai kai tsawon yatsa ba, wanda ke ɓoye a cikin agogon masu awon ƙasa. Ba shi ya yanke shawarar raba ƙasar ba, wannan aikin 'yan siyasa ne da kamfanoni da bindiga. Amma da shi aka iya ɗauko layin da aka zana a takarda a Turai aka ce ga inda ya bi a dajin Binuwai.

Mu fara da ƙarfen kansa. Kowane ƙarfe an gina shi ne da ƙwayoyin zarra da ke jere sahu-sahu, kuma ba a tsaye cik suke ba, kullum suna makyarkyata a gurabensu. Idan zafi ya ƙaru makyarkyatar takan tsananta, tazarar da ke tsakanin ƙwaya da maƙwabciyarta ta ɗan ƙaru, sai sandar ta ƙara tsawo da kauri. Ƙarin ba shi da yawa. Sandar baƙin ƙarfe mai tsawon mita ɗaya, idan zafinta ya hau da digiri 20 a ma'aunin Salshiyos, za ta ƙaru da kimanin milimita 0.24. Sandar tagulla, wato gamin jan ƙarfe da tutiya, za ta ƙaru da milimita 0.38, ta alminiyam kuma da 0.46. Ido ba ya ganin wannan a sanda guda, amma yana ganinsa a wayoyin lantarkin da suka taso daga madatsar ruwa ta Lagdo, waɗanda kan ƙara saki tsakanin turaku a zafin bazara, su ɗaure a sanyin hunturu. Bakanike ma ya san abin ko da bai san lissafinsa ba: yakan gasa zoben ƙarfe kafin ya zura shi a jikin sanda, domin ramin zoben yana faɗaɗa tare da zoben, idan ya huce kuma ya kama sandar gam. Ɗalibai da yawa sukan zaci ramin tsukewa zai yi. A'a, buɗawa yake yi, kamar a ce shi ma cike yake da ƙarfen.

Abin lura a alƙaluman nan shi ne bambancin da ke tsakaninsu. A ɗauki falle biyu sirara, ɗaya na tagulla ɗaya na baƙin ƙarfe, a manne su baya da baya yadda ba za su iya zamewa daga juna ba. Wannan shi muke kira tagwayen ƙarfe. Idan aka ɗumama su, tagulla tana son ta fi abokin zamanta tsawo, shi kuma ya riƙe ta. Hanya ɗaya ce ta rage musu: su lanƙwashe, tagulla ta kasance a bayan baka inda zagaye ya fi tsawo, baƙin ƙarfe a ciki. Idan suka yi sanyi fiye da yadda aka haɗa su, sai lanƙwasar ta juya ɗaya gefen. Daɗin abin shi ne yadda lanƙwasa ke ruɓanya ɗan ƙaramin bambanci. Falle mai tsawon santimita 10 da kaurin milimita ɗaya, bambancin tsawon ɓangarorinsa biyu a ƙarin digiri 20 bai wuce milimita 0.014 ba, amma idan aka daƙe kansa ɗaya, ɗaya kan zai gusa da kusan milimita guda cur. Wato motsin ya ninka sau saba'in da wani abu. Da wannan ake iya tura wani abu, ko a ja shi.

To, me ya kawo agogo cikin zancen? Matsalar sanin wuri ce. Masu taswira sun raba duniya da layukan kwance, masu nuna nisan wuri arewa ko kudu, da layukan tsaye, masu nuna nisansa gabas ko yamma. Na kwance ba su da wuya, tsayin rana da tsakar rana ko tsayin wani tauraro ya isa ya gaya wa mai awo inda yake. Na tsaye su ne ƙashin bayan wahala, domin duniya tana juyawa, babu wata alama a sama da ke tsaye wuri ɗaya ta gabas ko ta yamma. Sai dai juyawar kanta ma'auni ce. Duniya tana cika digiri 360 a sa'a 24, digiri 15 ke nan a sa'a, digiri ɗaya a minti huɗu. Shi ya sa mai azumi a Garwa yake riga na Sakkwato shan ruwa da kimanin rabin sa'a, alhali agogon hannunsu lokaci ɗaya yake nunawa. Rai Buba tana ɗan gaba kaɗan da digiri 14 gabas da Girinwic, saboda haka rana takan kai tsaka a can kimanin minti 57 kafin ta kai a Landan. Wanda ya auna tsakar ranar inda yake, kuma yake riƙe da agogon da ya adana masa lokacin Landan ba tare da kuskure ba, ya san wurinsa. Sharaɗin na ƙarshe shi ne mai tsada. Kuskuren sakan ɗaya tak a agogo yana daidai da kusan mita 460 a ƙasa a yankinmu.

Zafi kuwa babban abokin gaban agogo ne. Agogon bango na da yana aiki da sandar lilo, idan ta ƙara tsawo sai lilon ya rage sauri, agogon ya riƙa makara da kimanin rabin sakan a yini a kan kowane digiri. Agogon da ake ɗauka a tafi da shi ba ya amfani da lilo, yana da wani zobe mai kai da komo wanda siririn sifirin ke mayarwa. A nan ɓarnar ta fi muni nesa ba kusa ba, kimanin sakan 11 a yini a kan kowane digiri, kuma mafi yawanta ba daga buɗawar zoben take zuwa ba, daga sanyin jikin da sifirin ke yi ne idan ya ji ɗumi. A yi lissafi. Agogon da aka daidaita a Landan a digiri 15, aka kawo shi kwarin Binuwai a watan Afrilu inda matsakaicin zafi ke kusantar 35, zai makara da sakan 220 a kowace rana. Wannan kuskuren kilomita ɗari ne a yini ɗaya, gobe kuma a ƙara wata ɗarin.

Masu jiragen ruwa ne suka fara ɗanɗana kuɗar wannan matsala. A 1707 jiragen yaƙin Ingila huɗu suka daki duwatsu a tsibiran Sili, mutum fiye da 1,400 suka halaka, a 1714 kuma majalisar ƙasar ta sa ladan da ya kai fam 20,000 ga wanda ya samo hanyar sanin layin tsaye a teku. Wanda ya ba da rayuwarsa ga aikin shi ne John Harrison, kafinta ɗan arewacin Ingila da aka haifa a 1693, wanda bai yi karatun jami'a ba. Tun a shekarun 1720 ya magance sandar lilo ta hanyar jera sandunan tagulla da na baƙin ƙarfe, waɗansu suna miƙewa ƙasa waɗansu suna miƙewa sama, har miƙewar ta cinye juna. Tunanin da ke ciki shi ne jigon tarihin nan gaba ɗaya: tun da ba za a iya hana ƙarfe buɗawa ba, a sa buɗawar wani ta biya bashin ta wani. A agogonsa na uku na teku, wanda ya ɗauke shi daga 1740 zuwa 1759, ya manne ƙarafan biyu wuri ɗaya ya sami tagwayen ƙarfe, ya sa lanƙwasarsu ta riƙa rage tsawon sifirin da ke aiki idan an yi zafi, ta ƙara shi idan an yi sanyi. Agogon na uku bai kai ga buƙata ba. Na huɗu, wanda ya yi kama da babban agogon aljihu kuma shi ma yake ɗauke da tagwayen ƙarfe, an gwada shi a tafiyar Jamaika a 1761 zuwa 1762, bayan kwana 81 aka tarar kuskurensa sakan biyar ne, idan an cire ɗan jinkirin da aka riga aka san yana yi.

Agogon Harrison ya yi tsada kuma ya yi wuyar kwaikwayo. Waɗanda suka mayar da shi kayan kasuwa su ne John Arnold da Thomas Earnshaw, bisa hanyar da Bafaranshe Pierre Le Roy ya nuna, cewa gyaran ya kamata ya koma jikin zoben maimakon sifirin. Suka yi bakin zoben da tagwayen ƙarfe, tagulla a waje, baƙin ƙarfe a ciki, suka yanka shi a wuri biyu, suka ɗora ƙananan nauyaya a kan hannuwan da suka samu. Idan zafi ya hau, sifirin ya yi sanyin jiki, hannuwan nan sukan lanƙwasa ciki su jawo nauyin kusa da tsakiya, zoben ya yi sauƙin juyawa daidai gwargwadon ƙarfin da sifirin ya rasa. Earnshaw ya ƙara da dabarar narka tagulla a zuba ta kai tsaye a jikin baƙin ƙarfe, ba sai an yi musu walda ko ƙusa ba. Daga ƙarshen ƙarni na 18 har zuwa farkon na 20, wannan zobe shi ne zuciyar agogon awo, na jirgi da na aljihu.

Yanzu mu dawo gida. Kafin waɗannan agoguna su iso, mutanen Adamawa suna da nasu awon, kuma ya wadatar da su. Fatake suna ƙirga nisa da zango, kwana kaza daga Kano zuwa Yola, kwana kaza daga Yola zuwa Gaundare. Iyakar sarki kuwa ita ce inda gaisuwa da haraji suka daina zuwa masa. Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1809, aka kafa daular Fombina mai lamiɓe da yawa a ƙarƙashinta, cikinsu har da ta Rai, wadda Buba Njidda ya kafa a farkon ƙarnin, har aka riƙa kiran ƙasar da sunansa, Bubanjidda. Ƙarfinta ya kai tana jayayya da Yola kanta. Irin wannan iyaka tana numfashi, takan faɗaɗa a zamanin sarki mai ƙarfi ta tsuke a zamanin mai rauni.

Heinrich Barth ya isa mahaɗar Binuwai da Faro, yamma da Garwa, ranar 18 ga Yuni 1851, ya shiga Yola, bayan 'yan kwanaki Lamiɗo Lawal ya sallame shi. Barth mai kunnen basira ne, ya tattara sunayen garuruwa da zangunan da ke tsakaninsu daga bakin fatake da alhazai, amma shi ba masanin taurari ba ne, taswirarsa da kamfas da ƙirgen sa'o'in tafiya aka gina ta. Don toshe wannan giɓi gwamnatin Ingila ta turo Eduard Vogel a 1853, saurayi Bajamushe da ya yi aiki a wani ɗakin duban taurari a Landan, ɗauke da agogunan awo da sauran kayan aiki. Ya isa Kukawa a Janairun 1854, ya auna matsayinta da na waɗansu garuruwa, aka kashe shi a Wadai a 1856. A 1854 ɗin dai jirgin Pleiad ƙarƙashin William Baikie ya hauro Binuwai yana awon kogin. Daga baya Eduard Flegel ya biyo kogin a 1879, ya kai Gaundare a 1882, kuma da ɗan gari ya ci gari: jagoransa madugun fataken Hausa ne, Mai Gashin Baki, wanda ya raka shi har Balin a 1884. Taswirar da aka buga a Turai ta fito da sunan Bature, amma rabin iliminta na fatake ne, agogo ya ba da 'yan turakun da aka ɗaure sauran a jikinsu.

Turakun kuwa ba su da yawa, kuma ba duka ne masu ƙwari ba. Agogon da ke kwance a akwatinsa cikin jirgi daban yake da wanda ya yi wata uku a kan ɗan dako ko a bayan raƙumi. Zoben tagwayen ƙarfe ma yana da nasa aibin: idan aka daidaita shi a zafi biyu, mai yawa da kaɗan, yakan ɗan yi sauri a tsakaninsu, domin lanƙwasar ƙarfe da sanyin jikin sifirin ba sa tafiya kafaɗa da kafaɗa a kowane mataki. Shi ya sa masu awo suke ɗaukar agogo fiye da ɗaya, suna kuma gwada su da tafiyar wata a tsakanin taurari.

A kan irin wannan taswira aka yi rabon. A 1884 taron Washintan ya amince da Girinwic a matsayin mafarin ƙirga layukan tsaye. A 1890 firaministan Ingila, Lord Salisbury, ya faɗa da bakinsa cikin raha cewa suna ta kyautar da duwatsu da koguna ga juna ba tare da sun san takamaiman inda suke ba. Yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 15 ga Nuwamba 1893 ta cancanci ɗalibi ya tsaya a kanta. An ɗora tsinin abin zana da'ira a tsakiyar Yola, aka buɗe shi zuwa wani wuri a gaɓar Binuwai mai nisan kilomita biyar ƙasa da bakin Faro, aka zana baka, abin da ke ciki ya zama na Ingila. Daga nan layi ya nufi mahaɗar digiri 13 na gabas da digiri 10 na arewa, ya zarce zuwa gaɓar kudu ta tafkin Cadi, a wurin da yake kashi 35 cikin 60 na digiri gabas da layin da ya ratsa tsakiyar Kukawa. A ƙasa wannan tazara ta haura kilomita 60. A fuskar agogo kuwa sakan 140 ce kacal, ƙasa da abin da agogo marar tagwayen ƙarfe zai ɓatar a yini guda na bazara. Masu yarjejeniyar sun san ƙasan da suka taka ba ta da tauri, har suka sa sharaɗin cewa idan awo na gaba ya nuna rabon Ingila a gaɓar tafkin ya gaza abin da taswira ta nuna, za a sake wurin. Da wannan alƙalami aka bar Lamiɗon Adamawa da babban birninsa a gefe ɗaya, mafi yawan ƙasarsa a ɗaya gefen, ba a tambaye shi ba.

Ta gabas ma haka aka yi. A Maris 1894 Jamus da Faransa suka amince wani dogon yanki na iyakarsu ya bi layin digiri 15, wanda bai kai digiri ɗaya gabas da birnin Rai ba. Wato kuskuren minti uku da 'yan sakanni a agogo ya isa ya ɗauke fadar daga wannan daula ya kai ta waccan, a takarda. Mutanen Rai ba su san da wannan lissafi ba, amma sun san baƙo mai bindiga. A ƙarshen 1893 ayarin Jamusawa na Edgar von Uechtritz da Siegfried Passarge ya taso daga Garwa ya nufi Bubanjidda, aka gwabza, ayarin ya juya bai ratsa ƙasar ba. Abin da takarda ta rubuta sai a 1901 ƙarfi ya tabbatar da shi: sojojin Ingila suka ci Yola a watan Satumba, Lamiɗo Zubairu ya fita, ya kara da Jamusawa a Garwa a Nuwamba da kuma Marwa a Janairun 1902, Rai ma ta shiga hannunsu a wannan tsakanin.

Bayan bindiga sai masu awo. Daga 1903 zuwa 1904 hukumar haɗin gwiwa ƙarƙashin Kanar Louis Jackson da Kyaftin Hans Glauning ta auna iyakar daga Yola zuwa Cadi, aka sa hannu a sabuwar yarjejeniya a 1906. Ta ɓangaren gabas, ayarin Kwamanda Moll na Faransa da takwarorinsa na Jamus suka yi aiki daga 1905 zuwa 1907, yarjejeniyar 1908 ta maye gurbin layukan digiri da koguna da alamun ƙasa a wurare da dama. A ganina wannan sauyi ya fi kowace hujja nuna iyakar ƙarfin agogo. Layin digiri yana da kyau a teburin shawara, amma makiyayi ba ya ganinsa, jami'in haraji ma ba ya ganinsa, sai an kira mai agogo ya kwana yana duban taurari. Kogi kuwa kowa ya san inda yake. Yaƙin duniya na farko ya sake dagula rabon, Garwa ta faɗi a Yunin 1915, Ingila da Faransa suka shata sabon layi a 1919, amma tsagar da aka yi tsakanin Yola da lamiɓenta na gabas ba ta sake haɗewa ba.

Shi kuwa zoben tagwayen ƙarfe, wani ƙarfen ne ya yi masa ritaya. A 1896 Charles Édouard Guillaume, ɗan Suwizalan da ke aiki a ofishin ma'aunai na duniya kusa da Faris, ya gano cewa baƙin ƙarfen da aka gauraya da nikel kashi 36 cikin ɗari kusan ba ya buɗawa, miƙewarsa kashi ɗaya cikin goma ce ta baƙin ƙarfe. Aka sa masa suna inba. Ya kuma samo wani gamin da ƙarfin sifirinsa ba ya sauyawa da zafi, aka ba shi kyautar Nobel a 1920. Tun daga 1910 hasumiyar Eiffel ta fara aika siginar lokaci ta iska, sannu a hankali mai awo ya daina dogara ga lokacin da ya ɗauko a akwati. Na'urar da ke nuna wuri a wayar hannu a yau har yanzu da lokaci take gano wuri, sai dai agogunan suna cikin taurarin ɗan'adam.

Tagwayen ƙarfe ba su ɓace ba, gida suka sauya, kuma inba shi ne yanzu ake yawan sa wa a ɓangarensu marar buɗawa, domin bambancin ya ƙaru lanƙwasar ta yi ƙarfi. Suna cikin makatsin wuta na akwatin lantarki, inda wutar da ta wuce kima ke ɗumama fallen ya lanƙwashe ya saki maɗauri. Suna cikin butar lantarki, inda tururi ke bugun wani ɗan faifai ya ƙalla ya kashe wuta. A dutsen guga, fallen yana riƙe da bakin waya: idan ƙasan dutsen ya kai zafin da ake so ya janye, wuta ta yanke, idan ya huce ya dawo ya taɓa, ita ce ƙarar ƙas da mai guga ke ji lokaci-lokaci. Abin murɗawa da ke nuna auduga ko siliki ba ya ƙara wa wutar ƙarfi, yana sauya nisan da fallen zai lanƙwasa ne kafin ya rabu da wayar.